A je ko a haƙura? Lissafin mai shirin zuwa taron masoya komik karon farko

Yawanci da kuɗi ake buɗe zancen: tikitin nan ya ci kuɗinsa kuwa? Amma in ka ɗan tona, sai ka tarar ba kuɗin ne ke sa mutum jan ƙafa ba. Wanda ya shekara da shekaru yana karanta labaran zane, waɗanda aka fi sani da komik, ko yana bin ƙagaggun labaran kimiyya na kumbo da mutum-mutumi da duniyoyin da ƙafar ɗan Adam ba ta taɓa takawa ba, shi kaɗai ya saba yin abinsa, daga shi sai littafi ko allon waya. Ranar da aka ce masa ga wani taro na kwana uku inda dubban masu irin ra'ayinsa za su cika zaure guda, ba murna ce ke fara zuwa masa ba. Sai ya hau tuhumar kansa. Ni ɗin na isa? Rabin littattafan da ake zance a kai ban karanta ba. Ba ni da kayan da zan sa in yi shigar wani jarumi. Ban san kowa ba. In na je na tsaya kamar an dasa ni fa?

Fargabar gaskiya ce, amma a ganina ita ce mafi sauƙi a cikin lissafin, kuma da wuya ta ɓata wa mutum zuwansa na farko. Abin da ke ɓata shi shi ne a kama hanya ba a san wane irin taro za a tarar ba. Suna kusan ɗaya ake kiran su da shi, alhali abubuwa ne mabambanta ƙwarai, har ta kai wanda zai ji daɗin wannan yana iya fita daga wancan yana rantsuwar shi da taro har abada.

Sai an ɗan waiwaya ake gane yadda aka yi suka rarrabu. A 1926 wani mai buga mujallu a Amurka, Hugo Gernsback, ya fito da Amazing Stories, mujalla ta farko da ta keɓe kanta ga ƙagaggun labaran kimiyya. Bai daɗe ba ya buɗe shafin wasiƙun masu karatu, kuma yana buga kowace wasiƙa da adireshin mai ita. Wannan ɗan abin ne ya haifi sauran. Yaron da ke zaton shi kaɗai ne a garinsu mai wannan larurar ya ga ashe akwai wani a gari na gaba. Aka fara musayar wasiƙu, aka kafa ƙungiyoyi, aka riƙa buga 'yan mujallu na hannu ana aika wa juna. A watan Yulin 1939 mutum kusan 200 suka haɗu a birnin Niyok, taron da yanzu ake ƙirgawa a matsayin Worldcon na farko, wato taron duniya na masoya ƙagaggun labaran kimiyya. Cikinsu akwai samari biyu da daga baya suka zama manyan marubuta, Isaac Asimov yana ɗan shekara 19, da Ray Bradbury yana 18, wanda sai da ya ci bashin kuɗin mota kafin ya iso daga Los Anjelis. A nan ne Forrest Ackerman da Myrtle Douglas suka shigo sanye da tufafin mutanen zamani mai zuwa, waɗanda ita ta ɗinka da hannunta. A ranar kuma aka yi rigima, masu shiryawa suka tare ƙofa suka hana wasu matasa shida shiga saboda saɓanin da ke tsakanin ƙungiyoyinsu. Mai tunanin masoya duk bakinsu ɗaya ne, to tun ran gini tun ran zane ba haka abin yake ba.

Wannan reshen yana nan da ransa. Har gobe 'yan sa-kai ne ke shirya Worldcon, ba kamfani ba, kuma ba shi da mazauni. Mahalarta ke kaɗa ƙuri'a su zaɓi garin da za a yi na shekara biyu masu zuwa, shi ya sa za ka ji shi a Helsinki a 2017, a Dublin a 2019, a Chengdu ta ƙasar Sin a 2023, a Glasgow a 2024. Wanda ya biya kuɗi mamba ya zama, kuma mamba na da ƙuri'a a kyautar Hugo ta gwanayen ƙagaggun labaran kimiyya, wadda aka fara bayarwa a 1953. 'Yan dubbai ne ke zuwa, akasarin shirin kuwa magana ce: ƙananan ɗakuna, mutum huɗu ko biyar a bayan tebur, ana ja-in-ja kan ko za a iya noma a duniyar Mas, ko yadda ake ƙirƙiro harshe ga mutanen da babu su. Marubuci zai sa maka hannu a littafi ba ko sisi. Akwai ma zaman da ake haɗa marubuci da mutum wajen goma a tebur ɗaya su yi hira ta awa guda, wanda ya riga rubuta suna shi ke samu. In littafi ne ya jawo ka, nan ne wurinka. In kuwa fuskar da kake gani a fim kake nema, hamma za ka yi ta yi.

Reshe na biyu daga komik ya tsiro. A watan Agustan 1970 mutum wajen 300 suka taru a ƙasan otal ɗin U.S. Grant da ke San Diyego, masu tsofaffin mujallu suka baje haja a tebura, aka gayyato mai zane Jack Kirby da Bradbury ɗin nan, wanda a lokacin ya riga ya zama babban baƙo. Abin da ya sauya fasalin irin wannan taro shi ne masu fim da talabijin sun farga cewa a nan ake samun mutanen da in abu ya burge su za su yi masa talla kyauta har muryarsu ta dushe. A watan Janairun 1972 aka shirya taron masoya shirin talabijin na Star Trek a Niyok, kusan shekara uku bayan an daina shirin, ana sa ran mutum 500, sai ga fiye da 3,000. A 1976 wani jami'in talla, Charles Lippincott, ya je San Diyego yana nuna hotunan wani fim da bai fito ba tukuna, Star Wars. Daga nan abu ya yi ta girma. Yau San Diego Comic-Con na ɗaukar mutum fiye da 130,000, kuma da zauren ya fi haka girma da sun fi haka yawa. Na Niyok, wanda aka fara a 2006, kamfanin ReedPop ne ke gudanar da shi domin riba. Irinsu sun bazu har Landan, Sao Paulo da Johannesburg.

Kar sunan Comic Con da ake kiran su da shi ya ruɗe ka, ka ɗauka duk rassan gida ɗaya ne. A 2017 masu San Diyego suka yi nasara a kotu kan wani taro na Salt Lake City da ke amfani da sunan, dole ya koma FanX. Kowane taro da mai shi, da dokokinsa, da irin rikon amanarsa.

Can gefe kuma ga na Japan da na Turai, masu tafiyar kansu. Comiket na Tokyo ya fara ne a Disambar 1975 da tebura 32 da mutum wajen 700. A Disambar 2019 an ƙirga shigar mutum 750,000 cikin kwana huɗu. Babu tauraron fim da za ka je gani. Dubun-dubatar mutane ne da suka zana littafi da kansu, suka buga da kuɗinsu, suka zauna a bayan ɗan tebur suna sayarwa, kuma na masu suna yakan ƙare kafin rana ta take. A Angouleme ta Faransa, tun 1974, da Lucca ta Italiya, garin kansa ne ke zama wurin taro, ana yawo daga tanti zuwa gidan tarihi. Sannan ga ɗaruruwan ƙananan taruka da ba a jin labarinsu a jarida, na kwana ɗaya ko biyu, a zauren otal ko na jami'a ko ɗakin karatu. Su ne mafi yawa, kuma su ne aka fi rainawa.

To tambayar ba "in je ko kar in je" ba ce kawai. Me kake so ka samo wanda ba za ka samu a wayarka ba?

Ga wani lissafi da ba a cika yi wa sabon zuwa ba. Babban zauren San Diyego, Hall H, inda manyan kamfanonin fim ke kawo taurarinsu, kujeru wajen 6,500 ke gare shi. Ko da adalci aka yi aka raba daidai, mutum ɗaya cikin 20 ne zai zauna. Kuma ba a fitar da mutane tsakanin zama da zama, wanda ya samu kujera da safe yana iya manne mata har yamma. Saboda haka mai son zaman ƙarfe biyar dole ya shiga tun na safe, mai son shiga da safe kuwa dole ya kama layi tun jiya, wasu ma a waje suke kwana. Ka biya kuɗin kwana huɗu, ka zubar da ɗaya da rabi a layi, domin ka hango mutum daga nesa a majigi, alhali tallan fim ɗin da aka nuna galibi ya hau intanet kafin ka samu hanyar fita daga zauren. Masu yi suna cewa ihun mutum dubu shida a lokaci guda ba ya shiga waya, kuma layin kansa wurin yin abokai ne. Ban musa ba. Amma wannan harka ce ta wanda ya riga ya ga sauran taron ya ƙoshi. Sabon zuwa da ya ɗora duk burinsa a kan babban zaure ya sayi abu mafi tsada da mafi ƙarancin tabbas a wurin.

Haka ɗaukar hoto da tauraro. Tikitinsa daban ne, ba ya cikin kuɗin shiga, kuma na manyan taurari yana kaiwa ɗaruruwan daloli. An ba ka lokaci, ka zo ka shiga layin da ya nannaɗe tsakanin igiyoyi. A bakin labule wata ma'aikaciya ta ce ka ajiye jaka a tebur, ka mayar da waya aljihu, ban da doguwar magana, wani lokaci har a ce ban da musabaha. Labule ya buɗe. Ga mutumin tsaye a kan alamar da aka manna a ƙasa, bai kai tsawon da kake zato ba, da murmushin da ya yi sau ɗari tun safe. Ka matsa, ya ce sannu, fitila ta haska, wani ya ce na gaba. Jawabin da ka kwana kana haddacewa yana nan a maƙogwaro. Ba yaudara ba ce, haka sana'ar take. Masu shirya taro kan yi wa tauraro alkawarin wani adadin kuɗi kafin ya yarda ya zo, kuma daga hoto da sa hannu ake fitar da shi, don haka kowace daƙiƙa a ƙirge take. Wanda ya san haka kuma ya ce shi dai hoton yake so, ya yi daidai, zai kuma ji daɗinsa. Wanda ya je da niyyar hira shi ke fitowa jiki a sanyaye.

Yanzu ka zagaya ƙarshen zauren, bayan manyan rumfunan kamfanoni masu fitilu da amo, inda ake jera teburan masu zane. Ɗan tebur ne da aka shimfiɗa wa baƙin ƙyalle, a bayansa an rataye zane-zane a jikin raga. Mai zanen na zaune, kai a sunkuye, tana bin layin fensir da tawada a kan aikin da wani ya ba ta da safe zai dawo karɓa da yamma. Ita ta biya kuɗin teburin, ta biya na buga littattafan, da na mota, da na makwanci, kuma sai ta sayar da adadi kaza kafin a fara zancen riba. Ka ɗauki littafinta ka buɗe, ka tambaye ta me ya sa wannan shafin babu magana ko ɗaya. Sai ka ga ta ajiye burushi. Za ta gaya maka sau nawa ta sake zana shi, da inda ta makale wata biyu, da sunan wani mai zane a layi na gaba da ya kamata ka gani. Babu layi, babu mai cewa na gaba. Wani lokaci ma dattijon da ke zaune shi kaɗai yana jiran mai tsayawa shi ne ya zana jarumin da ake ta ihu a kansa a babban zaure, mutane na wuce shi da rigar jarumin a jikinsu ba su sani ba. Wannan abin takaici ne ga sana'ar, amma garaɓasa ce ga wanda ya san abin da ya kawo shi.

A nan hujjar zuwa take, in akwai ta. Labari da talla da hotunan masu ado duk za su same ka a gida. Abin da ba zai same ka ba shi ne mutumin da ya yi aikin da hannunsa, da ƙaramin ɗakin da mutum talatin ke sauraron mai fassara ko mai tsara launi yana bayanin sana'arsa, da wanda ke kusa da kai da ya karanta littafin nan da ka ɗauka kai kaɗai ka sani. Waɗannan kuwa ƙaramin taro ya fi babba ba da su, a kan kuɗi kaɗan.

Mu koma kan fargabar farko. Babu mai yi maka jarrabawa a bakin ƙofa. Filin ya yi faɗin da babu mahalukin da ya san rabinsa: gwanin komik na Amurka yana iya zama baƙo fil a gaban katun na Japan, mai haddace littattafan kimiyya bai san komai ba a wasannin kwamfuta. Akwai dai 'yan tsiraru masu son titsiye mutum da tambayoyi don su nuna ba masoyin gaske ba ne, kuma mata suka fi shan wannan. Amsarsu guda ce, "ban sani ba, ba ni labari," ko ka yi gaba abinka. Cewa "yau na fara zuwa" kuwa ta fi buɗe baki fiye da duk wata gwaninta, domin tsofaffin hannu ba abin da suke so kamar su samu wanda za su nuna wa hanya.

Shigar kwaikwayo ma ba dole ba ce. Hotunan da ake yaɗawa ne ke ruɗin mutane, saboda mai kyamara ba ya ɓata lokacinsa kan wanda ya sa riga da wando. A mafi yawan taruka masu kayan gida sun fi masu ado yawa nesa ba kusa ba. Ni shawarata a bar ta sai zuwa na biyu. Kayan suna da zafi da nauyi, shiga bayi da su aiki ne, kuma in sun yi kyau ba za ka yi taku goma ba sai an tsayar da kai hoto. Ga kuma dokoki. Kusan ko'ina sai an duba makamin wasa an ɗaura masa alama kafin a bar shi ya shiga, kuma an ƙara tsanantawa bayan 2017, lokacin da aka kama wani da bindigogin gaske a taron Phoenix. A Comiket ba a yarda ka taho da shigar daga gida ba, a can za ka canza, ka kuma cire kafin ka fita. Wanda ya ga mai ado ya burge shi, ya nemi izini kafin ya ɗaga waya, kuma hannu ya tsaya a inda yake. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Koke-koken mata kan taɓa jiki da ɗaukar hoto a ɓoye ne ya sa a 2014 taron Niyok ya kakkafa manyan alluna masu cewa shigar da mutum ya yi ba izini ba ne ga kowa. Mace mai shirin zuwa ita kaɗai, ko iyaye masu shirin barin matashi ya je, su duba ko taron ya wallafa dokar hana cin zarafi a fili, da wurin kai ƙara, da abin da za a yi wa wanda aka kama. Taron da bai damu ya rubuta wannan ba ya riga ya gaya maka yadda yake ɗaukar mutanensa.

Zuwa kai kaɗai ya fi jan abokin da abin bai dame shi ba. Bayan awa biyu zai fara duba agogo, kai kuma ka koma lallashi maimakon kallo. In akwai aboki mai ra'ayi, madalla, amma ku yarda tun a gida cewa kowa na iya bin gabansa a haɗu wuri kaza ƙarfe kaza, domin a zauren da dubban wayoyi ke kokawa da sabis ɗaya saƙo yakan iso bayan an gama nemansa.

Abin da ya fi cancanci fargaba, kuma ba a cika kawo shi ba, shi ne jiki. Wuni guda a tsaye a kan daɓen siminti, cikin amon lasifika daga kowace kusurwa, ana tafiya da ƙafar wanda ke gabanka. Ranar Asabar a babban taro akwai hanyoyin da ba kai ke zaɓar inda za ka ba, turereniya ce ke kai ka. Tsofaffin mahalarta na da wata ƙa'ida da suke maimaita wa sababbi: a kowace rana barcin awa shida, cin abinci sau biyu, wanka sau ɗaya. Da a ce mutane ba sa karya ta da ba a tsara ta ba. Akwai kuma murar da ake kwasowa a dawo da ita gida, wadda ta zama kamar harajin zuwa. Wanda cunkoso ke tayar masa da hankali, ko amo ke sa masa ciwon kai, ko yake da larurar tafiya, kar ya bari a ce masa ai daurewa ake yi. Ya duba ko akwai ɗakin hutawa marar hayaniya da tanadin masu buƙata ta musamman, ya zaɓi Juma'a ko Lahadi, ko ya nemi ƙaramin taro. Lahadi ce kuma ranar da aka fi tsara wa iyali, a San Diyego ma yaro ɗan shekara 12 zuwa ƙasa ba ya biyan kuɗin shiga in yana tare da babba mai tikiti.

Wani haɗarin daban shi ne naka na farko ya zo daidai da nasu na farko. Shirya taro aiki ne na kwangila da otal, da inshora, da ƙirga mutum nawa zaure zai ɗauka, kuma son abu ba ya koya wa mutum wannan. Ko na Niyok, da ƙwararru suka shirya, a shekararsa ta farko jama'a suka fi ƙarfin wurin har jami'an kashe gobara suka tsayar da shiga, masu tikiti a hannu suka yi cirko-cirko a waje. A Yulin 2014, a wani taro mai suna DashCon kusa da Chicago, masu shiryawa suka tara mahalarta a daren farko suka ce sai an haɗa dala 17,000 nan take ko otal ya rufe taron. Aka haɗa. Washegari wasu manyan baƙin suka janye saboda ba a biya su ba, aka ce waɗanda suka sayi tikitin ganinsu za a ba su ƙarin awa guda a cikin wani ɗan kwamin ƙwallayen wasan yara. A 2018 aka dakatar da Universal FanCon na Baltimore saura mako guda a buɗe, bayan mutane sun biya jirgi da otal, masu sayar da kaya sun riga sun buga haja. Ba cewa nake a guji kowane sabon taro ba, ai kowanne da ranar da ya fara. Amma in sai ka yi doguwar tafiya, ka tambaya: an taɓa yi a baya? Baƙin da aka lissafa sun faɗa da bakinsu cewa za su zo? Zauren ya sa taron a jadawalinsa? In an fasa, ana mayar da kuɗi? Ka kuma sani cewa ko a taro mai tsari tauraro na iya janyewa ana gobe saboda aikin fim ya taso, kuma galibi kuɗin hoton za a mayar maka, ban da na shiga. Wanda ya yi tafiyar don mutum ɗaya tak ya rataye kuɗinsa a zare.

Kuɗin shiga, da aka fara zancen da shi, shi ne ƙarami in taron ba a kusa yake ba. Makwanci ne ke cinye aljihu, domin otal-otal na kusa sun san ranar kuma suna cika tun da watanni. Sai abinci a cikin zaure, mai tsada marar daɗi. Sai babban rami, wato rumfunan kaya, inda komai ke ce maka yau kaɗai ake samuna. Mafi yawan kayan kamfani za ka same su daga baya a kan ƙasa da haka. Abin da ba za ka samu ba shi ne na hannun mai zane, don haka in za a kashe, can ya kamata a kashe. Dabarar da ta fi aiki tsohuwa ce: ka ware abin da za ka iya rasawa, ka zaga zauren sau ɗaya ba ka sayi komai ba, sannan ka koma ga abin da har yanzu yake ranka. Wanda aljihunsa bai kai ba kuma yana da lokaci, taruka da yawa na ɗaukar 'yan sa-kai. A San Diyego aikin awa uku na ba mutum shigar wannan rana kyauta, kuma ga mai jin kunya babu abin da ya kai a ba shi aikin yi da abokan aiki.

Akwai wanda zan ce masa ya haƙura bana. Wanda sai ya ci bashi. Wanda abin da yake so kawai ya ga sabon talla kafin kowa. Wanda aka ja, ba shi ya so ba. Sauran kuwa, tikitin kwana ɗaya a taro matsakaici ko ƙarami, wanda za a iya zuwa a dawo a kwana a gida, ya isa ya nuna wa mutum ko wannan duniyar tasa ce. In bai yi ba, wuni ɗaya ka rasa. Gwajin da zan ba mai shakka shi ne ya buɗe jadawalin taron ya nemi abu uku da yake so waɗanda ba a babban zaure za a yi su ba, kuma ba za a sa su a intanet ba. In ya samu ya saya. Matsalar ita ce manyan taruka kan sayar da tikiti tun watanni kafin su fitar da jadawali, San Diyego ma sai saura mako biyu take fitar da nata alhali tikiti ya ƙare tun bara. Don haka jadawalin bara za a nema, da jerin masu zanen da suka kama tebur, domin yawancinsu sukan dawo.